Tiyo Na Bakwai

Wata Asabar ce a tsakiyar hunturu, wajen ƙarfe bakwai na safe. Na yaye tamfol ɗin da ke kan motar Baba, na shiga na murɗa makulli kamar yadda na saba yi duk mako. Injin ya yi tari sau biyu sannan ya kama. Baba na zaune a kujerarsa ta roba a bakin gareji, ya lulluɓa da bargo, ya karkato kunne yana saurare. 'Yata mai shekara huɗu tana kujerar gefena tana wasa da madubi. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji Baba ya daka wata tsawa da rabona da jin irinta tun ina firamare.

"Kashe! Kashe motar nan ka fitar da yarinyar nan!"

Na kashe, na sungumi yarinya na miƙa ta cikin gida. Da na dawo na ɗaga bonet, na ga abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Injin a kashe yake, amma fetur na ta tsartuwa siriri kamar zare daga jikin wani guntun tiyo, yana sauka a kan ƙarfen da hayaƙi ke bi zuwa salansa. Ƙarfen ya fara ɗumi ne kawai. Da mun ƙara minti biyar, da wani labarin nake ba ku yau, in ma ina da bakin bayarwa.

Ni da nake da ido biyu, ina zaune a cikin motar, ban ga komai ba. Baba da hawan jinin ido ya cinye wa gani shekara shida da suka wuce, daga taku goma ya shaƙo abin da ke faruwa.

Bari in gaya muku wace mota ce, don ku fahimci abin da ya sa gidanmu ya hargitse a kanta. Datsun 280Z ce ƙirar 1977, ja mai duhu, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gabanta dogo, bayanta gajere. Kamfanin Nissan na Japan ne ya ƙera ta. Jerin motocin ya fara da 240Z a 1969, ita kuwa 280Z an yi ta daga 1975 zuwa 1978 don kasuwar Amurka. A can Baba ya saye ta na hannu lokacin da yake karatun injiniya. A 1981 ya sa ta a jirgin ruwa, ya karɓe ta a Apapa, ya tuƙo ta da kansa har Kaduna tare da wani abokinsa mutumin Zariya da suka yi karatu tare. Sitiyarinta a hagu yake, Najeriya kuma ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka ba ta buƙaci canjin komai ba. Da ita ya riƙa zuwa aiki a masaƙa a Kakuri, da ita ya je gaisuwar surukai kafin a ba shi Umma. Masaƙar ta rufe, abokan aiki suka watse, gida ya sha gyara sau biyu, amma motar tana nan. Tun da ganinsa ya tafi, abin da ya rage masa game da ita shi ne ƙarar injin duk Asabar.

Motocin da muka taso muna gani a Kaduna, irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kakuri a 1975, kafireta gare su. A motar kafireta mai yana tafiya ne a hankali, matsinsa a ma'aunin da ake kira psi bai cika wuce 6 ba. Idan tiyo ya tsage, sai ya riƙa ɗiga. Ita 280Z ba ta da kafireta. Dokokin rage hayaƙi na Amurka ne suka sa aka yi mata tsarin fesa mai na lantarki, irin na Bosch mai suna L-Jetronic. Famfon lantarki da ke baya kusa da tanki yana turo fetur da matsin da ya kai kusan psi 36. Man ya ratsa filta, ya shiga wani bututun ƙarfe da ke shimfiɗe a gefen inji, daga nan ya rarrabu zuwa nozul shida, kowace silinda da nata. Wata 'yar kwamfuta ce ke faɗa wa nozul tsawon lokacin da zai buɗe. Tsakanin bututun ƙarfen da kowane nozul akwai guntun tiyon roba da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A irin wannan matsin, tiyo in ya tsage ba ɗiga yake yi ba, feshi yake yi. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne, a injin wannan motar, hanyar shigar iska da hanyar fitar hayaƙi a gefe ɗaya suke, ɗaya a saman ɗaya. Wato fetur a sama, zafi a ƙasa, robar nan kaɗai ke tsakaninsu.

Duk wannan daga baya na sani. Abin da na sani a safiyar nan shi ne, tiyon da ya fashe ni na sa aka saka shi.

Wata huɗu kafin nan na lura da danshi a jikin tiyo na huɗu. Ban faɗa wa Baba ba. Na bari sai da ya tafi masallacin Juma'a tare da ƙanena, na kira wani bakanike da ke gyara mana janareta da motar Umma. Ya duba, ya yi dariya, ya ce ƙaramin aiki ne. Ya sa reza ya tsaga tsohon tiyon, ya zaro wani baƙin tiyo daga jakarsa ya yanka daidai, ya ɗaure da kilif irin mai haƙora da ake ɗaure tiyon ruwa da shi. Na tambaye shi ko irinsa ne, ya ce, "Oga, tiyo ai tiyo ne." Na biya shi, na wanke wurin da omo don kada wari ya tona ni, na mayar da tamfol.

Ba don rowa na yi haka ba, ko da yake araha ta yi mini daɗi. Dalilin ya fi haka muni. Tun da Baba ya daina gani na zama idonsa, a hankali kuma na mayar da kaina rariya. Ni ke karanta masa saƙonnin waya, ni ke faɗa masa kuɗin magani, ni ke ba shi labarin dangi. Duk abin da na ga zai sosa masa rai sai in tace shi, ko in rage masa kaifi, ko in ajiye shi sai wani lokaci. Ina kiran abin tausayi. Ko a makon da abin ya faru, akwai saƙo a wayarsa da na karanta na yi shiru: abokinsa na Zariya yana kwance, jiki ya yi tsanani.

Kafin azahar labarin fetur ya kai Abuja. Yaya ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce ya daɗe yana faɗa, motar nan akwatin gawa ce, a kira 'yan gwangwan su auna ta a huta, ko a sayar wa masu tara tsofaffin motoci. Matata ba ta ce komai ba, amma ta rungume 'yarta ta ƙi sakinta har yamma, kuma na san ma'anar wannan shirun. Umma ta ce ita dai ba ta son abin da zai ƙona mata gida. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Baba ya saurari kowa, sannan ya ce a ba shi kwana biyu.

Bayan sallar isha'i ya ce in kai shi gareji. Ya sa na cire kan batir, na buɗe ƙofar garejin gaba ɗaya, na kashe fitilar kwano da ke kusa, na kawo tocila. Ya miƙa hannu na ɗora masa a kan bututun. Ya bi tiyon ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa, yana matsawa. Na farko, na biyu, na uku. Da ya zo na huɗu sai ya tsaya. Ya shafa kilif ɗin, ya shafa robar da ta kumbura ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce. "Wa ya taɓa mini mota?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na durƙusa a nan kan simintin na faɗa masa komai. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban so hankalinka ya tashi ba ne."

Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Da ka tambaye ni, da na gaya maka wannan tiyon na janareta ne. Ka kusa ƙona mini amarya saboda kana jin tausayina." Amarya yake kiran jikar tasa. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan laifina ba, kuma da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya kira Yaya da kansa. Ya ce za a gyara motar yadda ya kamata, shi zai tsaya a kan aikin, in an gama aka ji ko ɗan warin fetur, ya yarda a sayar. Yaya ya amince.

Neman kaya ya ci mini mako uku. Baba ya ce in duba rubutun da ke jikin tiyo, kada in saurari bakin mai shago. Tiyon mai na motar kafireta yakan zo da lamba 30R7. Wanda aka yi don matsin nozul shi ne mai lamba 30R9, yana da wani rufi na musamman a ciki da fetur ba ya saurin ci. Faɗin ramin da muke nema kashi 5 cikin 16 na inci ne, kusan milimita 8. Na zaga Panteka shago-shago. Wasu sun nuna mini tiyo marar rubutu ko ɗaya, wasu sun rantse nasu ya fi na kamfani. A ƙarshe wani dattijo mai sayar da kayan manyan motoci ya ce shi ba shi da shi, amma zai sa a aiko daga Legas. Shi ne kuma ya nuna mini bambancin kilif. Mai haƙora yana cizon roba, yana yi mata rauni a daidai inda ya kamata ta riƙe. Na nozul sumul yake a ciki, yana matse tiyo ta kowane gefe daidai wa daida. Na sayi mita biyu na tiyo, da kilif, da sababbin zobban roba da nozul ke zama a kansu, da tukunyar kashe gobara. Rabin albashina na koyarwa ya tafi a nan.

Da kayan suka iso na ce wa Baba bari in canja na huɗun, mu gwada. Ya girgiza kai.

"Duka za ka canja. Rana ɗaya na saka su a 1998. Sa'o'in juna ne. In ka ga ɗaya ya gaza, sauran ma suna hanya."

Muka fara ranar Asabar da safe, injin a sanyaye, batir a cire. Shi yana kujera kusa da taya, ni ina sunkuye a kan inji, ƙanena yana riƙe da tukunyar gobara kamar mai gadin banki. Baba ya ce in naɗe tsumma a bakin tiyon farko kafin in sassauta kilif, domin irin wannan tsarin yana riƙe matsi ko an kashe mota. Na cire wayoyin nozul shida, kawunansu duk sun bushe, biyu suka farfashe a hannuna. Kowane nozul sukurori biyu ne ke riƙe da shi. Na sa sukudireba a na farko da ƙarfi, Baba ya ji ƙarar zamewarta ya ce, "Tsaya. Ka cinye kansa ka sa mu kwana a nan. Zuba masa mai, ka ɗan ƙwanƙwasa, ka je ka sha ruwa ka dawo." Sukurori goma sha biyu suka ci mana awa biyu. Daga nan bututun ya ɗago gaba ɗaya da nozul shida suna reto a jikinsa. Na toshe ramukan da tsumma mai tsabta don kada wani abu ya faɗa cikin inji.

A hasken rana na ga gaskiyar maganarsa. Tiyon da suke kama da lafiyayyu, da na lanƙwasa su sai ga tsaga ƙanana ko'ina kamar kaushin dunduniya. Sun bushe sun yi tauri. Baba ya ce shi ya sa yoyo ya fi fitowa da safiyar hunturu: sanyi yana sa tsohuwar roba ta tsuke, ta saki bakin ƙarfe.

Aiki mafi wuya shi ne raba tsohon tiyo da wutsiyar nozul. Wutsiyar tana da wasu tudu-tudu da ke riƙe roba, kuma a kansu ne mai ke tsayawa. In reza ta karce su, ka yi wa fetur hanya ke nan, ko wane irin tiyo ka saka zai bi ta layin ya fito. Baba ya sa muka bar nozul ɗin a inuwa har fetur ya bushe sarai, muka fita da su tsakar gida nesa da mota, sannan na ari ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi. Da zafinsa na riƙa tsaga robar a hankali ba tare da na taɓa wutsiyar ba. Duk wanda na gama sai in miƙa masa, ya bi shi da farce. Biyar ya ce lafiya. Na huɗu kuwa farcensa ya maƙale a wani siririn layi, sawun rezar bakanikena. Sai da muka nemo wani nozul ɗin na hannu, ƙarin kwana tara.

A ranar da muke haɗawa ne, ina jiƙa cikin sabon tiyo da ɗigon fetur don ya shige, ya yi maganar ba tare da ya juyo ba.

"Mu shida ne muka tafi karatu a jirgi ɗaya. Saura mu biyu." Ya yi shiru kaɗan. "Matarsa ta bugo wa Ummanku tun watan jiya. Ina jira ne in ji ranar da za ka karanta mini saƙon."

Na rasa inda zan sa fuskata, duk da ba ganina yake yi ba. Na ce, "Baba, na yi kuskure." Ya ce, "Ɗaure kilif ɗinka. Kada ka matse har roba ta bulluƙo."

Da muka gama bai bari na tayar da injin ba. Ya sa na cire ƙaramar wayar da ke jikin sitata, na mayar da batir, sannan na murɗa makulli zuwa wurin tayarwa. Injin bai juya ba, amma daga baya muka ji famfo yana kuka, yana cika bututu da matsi. Na bi kowace mahaɗa da farar takarda. Shida, duk a bushe. Na miƙe ina murmushi, na ce an gama.

Baba ya matso da fuskarsa kusa da inji, ya ja numfashi.

"Akwai wari."

Na ce ƙila ragowar wanda ya zube ne. Ya ce tsohon fetur da sabo ba warinsu ɗaya ba. Ya tambaye ni tiyo nawa na canja. Na ce shida, nozul shida.

"Bakwai ne," ya ce.

Ashe akwai wani ƙaramin nozul a can gaba, a kan hanyar shigar iska, wanda ba ya aiki sai lokacin tayar da mota cikin sanyi, ya ƙara fesa mai na ɗan lokaci ya tsaya. Shi ma da tiyonsa. Na sa takarda a ƙarƙashinsa, ta fito da ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gero. Da ni kaɗai ne, da na rufe bonet na kira Yaya na yi masa albishir. Muka canja shi. Tun da abin ya zama haka, muka bi sauran robobin ma: na filta, na bututun da ke mayar da ragowar mai tanki, da waɗanda ke wajen famfo a baya, inda na kwanta a ƙasa ƙura na zubo mini a ido.

Magariba ta kusa lokacin da muka sake gwadawa. Takarda ta fito fara ƙal. Baba ya zagaya motar yana dafa ta, ya tsaya a gaba, ya tsaya a baya wajen tanki, yana shaƙa. Sannan ya ce in tayar. Muka bar ta ta yi zafi har rabin awa, muka kashe, muka sake dubawa. Da asubar washegari, cikin sanyi, muka maimaita. Sai a lokacin ya ce, "Ba na jin komai. Kira Yayanka."

Ranar Laraba na ɗauki hutu a makaranta. Na sa tukunyar gobara a bayan kujera, na ɗaura wa Baba bel, muka kama hanyar Zariya. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, na tsaya sau biyu na ɗaga bonet na duba. Bai hana ni ba. Ya sauke gilashi, iskar hunturu na dukan fuskarsa, yana gaya mini lokacin canja giya daga jin ƙarar inji. Da muka shiga layin gidan abokinsa, kafin mu yi sallama, muka ji ana cewa daga ciki mara lafiya yana tambaya ko kunnensa ne ke yi masa gizo, don ya ji kukan wata mota da ya sani. Aka tallafo shi zuwa zaure. Suka riƙe hannun juna suna gardama a kan wanda ya yi barci a sitiyari tsakanin Ilori da Jebba a 1981. Sati uku bayan nan ya rasu. Allah ya jiƙansa. Saƙon ya shigo da daddare, kuma a daren na karanta wa Baba shi, kalma da kalma, yadda aka rubuto.

Motar tana nan, Yaya bai sake maganar sayarwa ba. Matata ta kafa sharaɗi ɗaya, kuma na ga dacewarsa: yarinya ba ta shiga sai injin ya yi minti goma yana aiki. Duk Asabar kafin in taɓa makulli sai na ɗaga bonet, na bi tiyon da yatsa ina ƙirgawa da ƙarfi don Baba ya ji. In na kai shida nakan ɗan dakata da gangan, shi kuma daga kujerarsa ya ce, "Saura ɗaya."